Talatar da Na Ɓoye wa Pilar

Lahadi, 8 ga Satumba, ƙarfe goma na safe

Allah Ya yi wa wanda ya ƙirƙiro manhajar koyon Sifaniyancin nan ta waya albarka, Ya ƙara masa basira. Wata bakwai ke nan ina binta kullum bayan asuba, kuma ba ta bar ni cikin jahilci ba. Yau ko daga barci ka tashe ni zan gaya maka da yaren Sifaniya cewa kyanwa tana shan madara, kuma rigar kawuna koriya ce. Duk faɗin Nassarawa babu dillalin fatar da ya san launin rigar kawunsa da yare uku sai ni, Ashiru.

Yau ta kawo mini sabuwar kalma, consolar. Wai lallashin wanda yake cikin baƙin ciki. Har da hoton wata mata ta dafa kafaɗar ƙawarta. Na maimaita sau uku, ta buga mini ƙararrawa wai na ci. Ta iya zaɓen lokaci.

Har yanzu ba a sauke rumfunan zaman makokin Hanif da ke ƙofar gida ba. Motoci sun cika layin har kwanar otal. Hanif maigidana ne, ko da yake na girme shi da shekara shida. Shekara goma sha ɗaya ina tara masa fatar akuya daga Maigatari da Mai'adua, yana jemewa a Sharaɗa, yana tura wa masu takalma a Sifaniya. A can ya auro Pilar shekara biyu da suka wuce. Ita tana can da aikinta, shi yana zuwa yana dawowa. Shi ya sa mini manhajar a waya da hannunsa. Ya ce, "Ashiru, asara ce a bar bakin nan naka da Hausa kaɗai."

Pilar ta sauka ranar Juma'a. Turancinta na sayen tikitin jirgi ne, shi ma tun da ta shigo gidan nan ya gudu ya bar ta. Don haka duk abin da za a faɗa mata, sai ka ji an ce a kira Ashiru.

Lahadi, bayan Azahar

Ba ni na fara ba. Bappa ne ya ce.

Litinin, 9 ga Satumba, bayan La'asar

An yi sadakar bakwai. Malamai sun sauke Alƙur'ani, an raba waina da shinkafa har masu gadin layin baya sun samu.

Pilar ta fito baranda da mayafin da Hajiya Sakinatu, mahaifiyar Hanif, ta yafa mata. Ta tambaye ni taron mene ne. Na ce addu'ar kwana bakwai ce. Lambobi kam na iya su, da su na fara. Sai ta ɗaga hannu ta fara lanƙwasa yatsu: Alhamis, Juma'a, Asabar, Lahadi, Litinin. Ta nuna mini biyar.

A wurinta ranar Alhamis ya cika, tana cikin jirgi. Ba wanda ya ce mata haka. Ita ta haɗa lissafinta, mu kuma muka bar ta da shi.

Ko ƙifta ido ban yi ba. Na ce mu nan daga ranar da aka kai mutum asibiti muke fara ƙirgawa. Ta gyaɗa kai, ta ce al'ada ce mai kyau, tunda wahalar ma ana sa ta cikin lissafi.

Na taɓa sayar wa wani Bature fata ɗari uku da tabon ƙaya a jikinsu, na ce masa shaidar akuyar daji ce, ta fi ƙarko. Ranar har tsire na saya wa kaina. Yau ko wainar ban taɓa ba.

Talatu mai girki tana bayan ƙofa da tire. Ba ta jin ko kalma ɗaya, amma yatsu ai ba su da yare. Da na zo wucewa ta ce, "Malam tafinta, yau kuma me aka sayar mata?"

Na ce, "Ki ji da tukunyarki."

Ta ce, "Tukunyata abin da na zuba shi take fitarwa."

Talata, 10 ga Satumba, goma da rabi na safe

Sati ɗaya. Daidai wannan lokacin.

Laraba, 11 ga Satumba, bayan Magariba

Hajiya ta sake kirana falo. Kullum sai ta kira, in baƙi sun ragu. Tana kan darduma da carbi, ni ina bakin kafet.

"Ashiru, zauna. Sake gaya mini."

Na sake. Ina riƙe da hannunsa, ya buɗe ido, ya yi kalmar shahada sau biyu, muryarsa tar. Ya ce a gaida Hajiya, a ce ta yafe masa. Sannan ya juya dama.

Ta ce, "Sau biyu?"

Na ce, "Sau biyu, Hajiya."

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Allah Ya yi maka albarka da ka tsaya masa. Ni Allah bai nufa ba, ina hanya."

Ranar farko sau ɗaya na ce. Ban san yaushe ya koma biyu ba.

Alhamis, 12 ga Satumba, hantsi

Bari in rubuta abin da Bappa ya ce, kalma da kalma, don kada gobe a ce ni na ƙaga. Ƙanin mahaifin Hanif ne, marigayi Alhaji, shi ne babba a gidan yanzu. Muna dawowa daga maƙabarta ranar Talata bayan Azahar, ƙasa ba ta bushe a takalmanmu ba, wayar Hanif tana ta ruri a aljihuna. Pilar ce. Bappa ya ja ni gefen mota.

Ya ce, "Mace tana ƙasar wasu ita kaɗai, ba a jefa mata irin wannan ta waya. Sai ta faɗi ba mai ɗaga ta. Ka ce jikin ya yi zafi, ta taho. Kai ne kake jin yarensu."

Wannan ba ƙarya ba ce a wurinmu. Haka aka yi mini da mahaifina ya rasu ina Legas. Aka ce jiki ya tsananta, na hau mota na riga na sani, na yi kukana a hanya tun daga Jebba. Duk Bahaushe in ya ji "ka taho yanzu" ya san abin da ake nufi. Abin da ba mu tsaya mun tuna ba, ni da Bappa, ita ba Bahaushiya ba ce. Aka ce mata ba shi da lafiya, ta yarda ba shi da lafiya. Ta zo da safa mai kauri guda uku, wai asibiti akwai sanyin na'ura.

Iyakar abin da Bappa ya ce ke nan. Jikin ya yi zafi, ta taho.

Alhamis, bayan La'asar

Sauran duk ni na ƙara.

Asabar, 14 ga Satumba, ƙarfe tara na safe

An yi ruwa da asuba, reshen dogonyaro ya karyo kan katanga. Na taya mai lambu janyewa don kada a kira ni ciki. An kira.

Pilar tana zaune a ƙarƙashin mangwaro da kofi. Ta ce in zauna. Tana magana a hankali saboda ni, kamar mai koya wa ɗan aji ɗaya. Ta ce a duk abin nan abu ɗaya ne yake riƙe da ita, in ba shi ba da ta haukace. Hanif ya ji muryarta.

To. Ga shi nan, tunda littafi ba ya kallon mutum.

Ranar Talatar, da na ce mata jikin ya yi zafi, ta ce in ba shi wayar. Na ce yana barci. Wannan jimlar tana darasi na huɗu, na iya ta sosai. Da yamma ta sake kira, yana barci. Sai ta turo saƙon murya a wayata, minti biyu da sakan sha huɗu, ta rubuto cewa in kara masa a kunne ko da bai farka ba. Na amsa da to. Da nan na tsaya da sauƙi. Amma ni tun ina ɗaukar kaya a Ƙofar Wambai ban iya barin mai saye ya tafi ba tare da gyara ba. Bayan rabin awa na nemo kalmomin a waya na tura mata: ya ji, ya yi murmushi.

Ranar Laraba na ƙara mata cewa ya matse mini hannu da aka zo wurin sunansa.

Yau ta ce in nuna mata yadda ya yi murmushin. Da bakina. Na nuna.

Lahadi, 15 ga Satumba, bayan asuba

Ban buɗe manhajar ba kwana uku. Ta turo mini saƙo wai ta yi kewata.

Litinin, 16 ga Satumba, Azahar

An sauke rumfunan. Layin ya koma shiru irin na GRA, ba ka jin komai sai janareta da tsintsiyar masu shara.

Na leƙa falo na tarar da Hajiya da Pilar su biyu. Hajiya ta sa ta a gaba tana shafa mata man kaɗanya a ƙafa, wai sauro ya cinye ta. Hajiya tana ta zuba Hausa, labarin ranar da Hanif ya faɗo daga bishiyar gwaiba yana ɗan shekara takwas, ita kuma tana amsawa da nata yaren, ko me take cewa oho. Suna kuka suna dariya. Na yi gyaran murya na ce ko a fassara.

Hajiya ta ce, "Wa ya kira ka?"

Na ja ƙofar.

Talata, 17 ga Satumba, bayan La'asar

Pilar tana so a kai ta kabarin kafin ta koma. Jirginta ranar Laraba ta sama.

Bappa ya ce mata ba sa zuwa maƙabarta a gidan nan. Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Bappansu, an hana ta gawarsa, a bar mata ƙasar. Ashiru zai kai ta da hantsi lokacin da ba mutane." Bappa ya gyara hula ya ce Allah Ya kyauta.

Sai da na fito na tuna da allon. Ni na kai wa mai walda aka yi shi, ɗan ƙaramin ƙarfe baƙi da farin fenti. Suna, sai kwanan wata. Uku ga tara. Lamba ba ta buƙatar tafinta.

Laraba, 18 ga Satumba, sha ɗaya na safe

Na je maƙabartar ni kaɗai da filaya a aljihu.

Tsarina mai sauƙi ne. A cire allon, in ce iska ta ɗauke, in ta tafi a mayar. Ko a kai wa mai fenti ya mai da ukun biyar, aikin minti goma. Har na zaɓi mai fentin da ba ya tambaya.

Ciyawa ta fara tsirowa a kan ƙasar. Na yi sallama, na tsuguna, na kama allon. Wani tsoho mai haƙa, Malam Sule, yana zaune a inuwa yana gyara ƙotar fartanya. Ya taso a hankali.

Ya ce, "Ɗan'uwanka ne?"

Na ce, "Maigidana."

"Allah Ya jiƙansa. Allon ya karkace ne?"

Na ce, "Ɗan kaɗan."

Ya duba ya duba. Ya ce, "Ni dai a miƙe na gan shi. Amma idona ya tsufa." Ya koma inuwarsa, ya zauna yana fuskantata.

Na daɗe a tsugune har ƙafata ta mutu. Na karanta Ƙulhuwallahu ban san ƙafa nawa ba. Na taso na bar allon yadda yake. Kada wani ya ɗauka tsoron Allah ne ya hana ni. Da tsohon ya juya baya ban san abin da zan yi ba.

Alhamis, 19 ga Satumba, bayan Magariba

"Ashiru, zauna. Sake gaya mini." Yau da 'yar'uwarta daga Haɗeja a gefe, ita ma ta ji. Ta ce irin wannan cikawa sai mai rabo.

Juma'a, 20 ga Satumba, kafin masallaci

Wannan ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Ni na kai Hanif asibitin bayan asuba, ya yanke jiki ya faɗi a bakin mota. Suka sa masa ruwa, suka ce a jira likita. Wajen goma ya samu barci, na gaske. Wayata ta yi ƙara, wani mutumin Maigatari ne da ya turo mana fata ba gishiri ta fara wari. Na fita bakin ƙofar asibitin don in zage shi da kyau ba tare da na tashi marasa lafiya ba. Na zage shi. Na sha koko a wurin wata mata, da ƙosai. Na tsaya na yi wa wani mai gadi bayanin yadda ake gane fatar da aka yi wa fiɗar ganganci.

Da na dawo an ja labule.

Na tambayi ma'aikaciyar ko ya ce wani abu. Ta ce ba ta sani ba, ita ma zuwa ta yi canza ruwa ta tarar.

Hajiya ta iso bayan minti goma da fulas ɗin kunu. Ta dube ni. Bakina ya buɗe da kansa.

Asabar, 21 ga Satumba, hantsi

Na zauna da waya na haɗa jimla uku. Na rubuta su a bayan katin wani mai sayar da gishiri. Na maimaita a banɗaki. Talatu ta ji ni ta taga ta ce, "In addu'a ce ka sa da mu." Na ce ba addu'a ba ce. Ta dube ni, ta zuba mini shayi ba tare da na roƙa ba, abin da ba ta taɓa yi ba.

Litinin, 23 ga Satumba, bayan Azahar

Na kai ta.

Ta zauna a gaba kamar kullum, da safar nan guda uku a cinya, ban tambayi me za ta yi da su ba. Na tsayar da motar nesa da ƙofar maƙabartar, na kashe. Na ciro katin, don na san in na bar wa bakina zai nemo wata hanya. Na karanta kamar mai karanta sanarwa.

Ya rasu ranar Talata da safe. Bai ji saƙonki ba. Ni na yi miki ƙarya.

Ta ce in sake. Ta ɗauka yaren ne ya kuɓuce mini. Na sake. Ta karɓi katin ta karanta da kanta, ta juya bayansa ta ga hoton buhun gishiri, ta sake juyowa.

Ta ce, "Murmushin?"

Na ce babu.

"Hannun?"

Babu.

Wani mai kurar ruwa ya zo ya wuce mu. Sannan ta tambaya ko akwai wani a wurinsa. Wannan ba ya cikin katin. Na ce babu kowa. Ta ce, "Kai fa?" Na ce ina waje. Ta ce me kake yi. Ban san sunan koko da yarensu ba. Na ce ina cin abinci.

Na ga kafaɗarta tana rawa. Kalmar nan ta zo mini har bakin harshe, da hoton matar da ta dafa ƙawarta. Na san yadda ake faɗarta ga ni, ga kai, ga mu, ga su. Na ɗaga hannu daga kan sitiyari. Ta kalli hannun, na mayar da shi.

Ta fita. Malam Sule ne ya nuna mata wurin, ni ina jikin mota. Ta yi kusan awa. Da ta dawo ba safar a hannunta, kuma baya ta buɗe ta shiga.

Talata, 24 ga Satumba, La'asar

Ba ta fito ba. Hajiya ta ce, "Ziyarar ce ta taɓa ta, ku bar ta." An ce a kira Ashiru ya tambaye ta me za ta ci. Ta yi wa Talatu alamar a'a da hannu.

Laraba, 25 ga Satumba, bayan La'asar

Na ɗauka za ta ce wani ya kai ta filin jirgi. Ni ta nuna.

Ita da Hajiya sun daɗe a rungume a bakin mota. Hajiya ta cusa mata carbin Hanif da ƙullin yaji. Ni da Pilar muka kama hanyar filin jirgi. Sai da na sauke mata akwati ta tsaya ta dube ni, karo na farko tun Litinin.

Ta ce ta lura kullum da yamma Mama, wato Hajiya, tana kirana, ina magana, fuskar Mama tana sakewa. Me nake gaya mata?

Na gaya mata, da guntun yarena da hannu. Ta gane.

Ta ce, "Shi ma?"

Na ce shi ma.

Na jira mari. Wallahi da na samu sauƙi. Ta gyara jakarta a kafaɗa, ta faɗi magana a hankali, kalma ɗaya ɗaya, don kada in ce ban ji ba. Ta ce ita ba ta yafe mini ba, kuma ba ta san ranar da za ta yafe ba. Ta ce amma Mama, kada ka gaya mata. Ta maimaita. Kada ka gaya mata.

Ta ja akwatinta ta shige. Ba ta waiwayo ba.

Alhamis, 26 ga Satumba, ana kiran Magariba

Na je wurin limamin masallacin layinmu da rana, na ce wani abokina ne abin ya faru da shi. Ya ce abokin naka ya tuba, ya daina. Na ce in ya daina tsohuwar za ta tambayi dalili. Ya ce to ya faɗi gaskiya cikin hikima. Na ce wace hikimar? Ya duba agogo.

Wadda na gaya wa gaskiya ta kwana biyu ba ta ci abinci ba, ta tafi ba ta yafe ba, kuma ita ce ta ce in ci gaba. Wadda ban gaya wa ba tana barci, tana sa mini albarka a gaban baƙi, ta sa an ɗinka mini shadda.

Talatu ta leƙo yanzu ta ce Hajiya ta idar da salla, tana kira. Ta ce wasu mata sun zo daga Kaura Goje, ba su samu zuwa gaisuwa da wuri ba, suna so su ji yadda ya cika.

Kai da ka tsinci littafin nan kana ta girgiza kai, ga takalmina a bakin falo, sa ka shiga. In ta ajiye carbi ta ce zauna, sake gaya mini, wace Talatar za ka ba ta?